Kulkin Kakanmu Ba Shi da Iƙama

Duk wanda ya zauna a lungunmu na unguwar Karantina a Jidda ya san kulkin Baba kafin ya san Baban kansa. A bangon falo yake rataye, sama da talabijin, ƙasa da hoton Ka'aba. In baƙo ya shigo bai tanka masa ba, Baba zai yi ta gyaran murya yana kallon bango har sai baƙon ya gane ya ce, "Alhaji, wannan fa?" To, ka jawo wa kanka. Shayinka zai huce, kuma la'asar a nan za ta same ka.

Kulki ne na itace, baƙi wuluk saboda shan hannu. Tsawonsa bai wuce hannun babban mutum ba, ya ɗan lanƙwasa daga sama, a ƙarshensa kuma ga wani dunƙule mulmulalle kamar babban lemo. Ba manna dunƙulen aka yi ba, da shi da mariƙin duk itace ɗaya ne. A bayan wuyansa an sassaƙa wata dabba ta kwanta ta miƙe, ta buɗe baki kamar ita ce ta riƙe dunƙulen. Baba ya ce zaki ne. Umma ta ce ita dai ɓera take gani. Akwai 'yan ƙusoshin tagulla a jikin mariƙin, da wasu tsage-tsage a gefe.

Labarin Baba shi ne, kulkin na mahaifinsa ne, wato kakanmu, wanda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, ya keta Chadi da Sudan, ya haye teku ya zo hajji bai koma ba. Tsage-tsagen nan, in ji Baba, 'yan fashin da Kaka ya kwantar a hanya ne, kowane tsage mutum guda. Ranar da baƙon ya nuna sha'awa sosai, sai kowane tsage ya zama ayari guda.

Tafiyar Kaka gaskiya ce. Ya zo a ƙafa, ya rasu a Jidda Baba yana goye. Abin da ya bari kuwa, ko allura babu. Ko sunan garinsu ba a tsayar ba: kakata ta ce wajen Katsina ne, wata gwaggo ta rantse Damagaram ne, su biyun kuma suka mutu ba su daidaita ba. A nan aka haifi Baba, a nan ya yi furfura, amma takardar aljihunsa ba ta taɓa cewa shi ɗan nan ba ne. Rayuwarsa duka daga wannan kafili, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, zuwa wancan, yau iƙama, takardar izinin zama, na da rai, gobe ta mutu ana neman mai tayar da ita.

Kulkin kuwa Umma ce ta kawo shi gida, a cikin buhu, tare da dutsen guga da wata tukunya mai murfi. Lokacin tana wanki da guga a gidan wasu Turawa 'yan Amurka a arewacin gari. Da za su koma ƙasarsu, suka tara tarkace a bakin ƙofa suka ce kowa ya ɗiba. Direba ya ɗauki rediyo, mai gadi ya ɗauki takalma. Umma ta ga wannan abu ta auna nauyinsa a hannu, ta ce ai taɓarya ce ta ƙaramin turmi, Allah ya kashe ya ba ta. Ina yarinya a lokacin, kuma na tuna ya daɗe a bayan ƙofar kicin yana aikin citta da masoro ba wanda ya ce masa sannu.

Wanda ya jawo komai shi ne maƙwabcinmu tela, mutumin Nijar, wanda muke kira Kawu mai takobi. Umra ya zo ya ga wuri ya zauna. Yana da wani takobi cikin kube na fata da yake cewa na gado ne, kuma ba ya gajiya da faɗi. Wata rana a majalisar ƙofar masallaci gardama ta kaure tsakaninsa da Baba a kan wa ya kamata ya riƙa raba layin motar ruwa. Kawu ya ɗaga murya gaban mutane ya ce, "Bon, ni dai na san gidan ubana, ga takobinsa a ɗakina. Wani kuwa ko cokali ba zai nuna ba."

Baba ya shigo gida yana huci, idonsa ja. Ya shiga ɗaki ya fito, ya shiga kicin ya fito, sai ga shi riƙe da taɓaryar Umma, da garin citta a kanta. Ya goge da gefen jallabiya ya fice. Umma ta bi shi da kallo, muciya a hannu, ta ce, "Ikon Allah."

Daga ranar kulki ya hau bango, Baba kuma ya hau kujerar raba layin ruwa. A hankali aka ƙara masa da sasanta miji da mata, da rikicin haya, da faɗan wanda ya zubar da ruwan wanki a ƙofar wani. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Baba ya shiga ya ɗauko kulki, ya zo ya dunguri ƙasa da shi ya ce, "Halas!" Kuma wallahi sai a yi halas ɗin, magana ta ƙare. Bai taɓa dukan ko kyanwa da shi ba. Mutumin da in aka yanka kaza yake juya baya, ina shi ina duka?

Abin da mazan lungun ba su sani ba, ko suka ƙi sani, shi ne kulkin bai bar tsohon aikinsa ba. Ba taɓaryar da ta kai shi iya murƙushe kanwa da busasshiyar citta. Ranar Juma'a, da maza sun wuce masallaci, sai ka ji wata ta leƙo ta taga: "Hajiya, Kaka yana nan? A ara mini shi, yajin jego zan daka." Haka matan suke kiransa, Kaka. Ya zaga gidajen lungun nan kaf, ya daka daddawa, ya daka tafarnuwa, ya fasa ƙashin rago da layya. Kafin a sallame salla an goge shi an mai da shi ƙusarsa.

Warin dai ba ya goguwa. Baba yakan kai hancinsa jikin dunƙulen ya lumshe ido, ya miƙa wa baƙo ya ce, "Shinshina ka ji. Maganin ƙarfe ne aka tsuma shi da shi. Shekara da shekaru bai fita ba, kullum ma kamar ƙaruwa yake." Umma tana bayan labule tana tsince shinkafa, kafaɗunta suna rawa don dariya. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta gaya masa ba. Ta harare ni ta ce, "In gaya masa me? Shi ya ɗauke shi daga bayan ƙofar kicin da hannunsa. Mutum ya manta abu da gangan, ke ce za ki tuna masa? Tashi ki ba ni wuri."

Kawu mai takobi kuwa bai taɓa yarda ba. Shekaru suka yi ta tafiya yana cewa shi bai taɓa ganin Bahaushe ya sassaƙa kulki haka ba, kuma zakin nan ya fi kama da gafiya. Baba yana cewa takobin wasu ko albasa ba zai yanka ba. Kullum tare suke shan shayi, kullum da wannan ake tashi.

Sai aka zo rusa Karantina. Wata safiya muka tashi muka ga an fesa jan fenti a bangonmu, an rubuta ikhla, wato a tashi. Ba zan tsaya ba da labarin wannan ba. Katafila ba ta san mai raba layin ruwa ba. Muka loda abin da ya loɗu a bayan 'yar motar kayan da ake kira dabbab, Baba ya zauna a gaba da kulki a cinyarsa, bai waiwaya ba. Mutanen lungu suka watse. Wasu Makka, wasu can bayan gari, wasu aka tattara su aka mai da su ƙasashen da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba.

Mu muka sami wani ɗan gida a bene a unguwar Madain Fahd. Ruwa a famfo yake zuwa, ba layi, ba faɗa, ba mai neman sasanci. Maƙwabtanmu ba su san Baba ba, sai dai su ce ya hajj su wuce. Mutumin nan da muryarsa ke kaiwa ƙarshen lungu ya koma yini a kan kujera yana kallon bango. Cikin duk majalisarsu mutum ɗaya ne ya faɗo kusa da mu, kuma don Allah ya gwada mu, Kawu mai takobi ne. Yakan zo da yamma yana jan ƙafa, su zauna su yi gardamar zaki da gafiya. A lokacin ne kawai nake jin Baba ya ɗaga murya, kuma a ranar ne kawai yake cinye tuwonsa.

Ni sana'ata lalle da kitso, gida-gida nake bi. A haka na haɗu da wata malamar makaranta, 'yar Kanada, wadda abokiyar aikinta za ta yi aure, ita kuma malamar take son a yi mata zane a hannu. Ba fara sol ba ce irin Turawan da muka sani, gashinta baƙi ne mai santsi, har na ɗauka 'yar Indunusiya ce. Ta daɗe a Jidda, tana da Larabci irin na mai sayen kifi, a karye amma yana isar da saƙo. Ina nuna mata zane-zane a wayata ina turawa, sai na wuce kan hoton Baba na ranar salla, ya sha farar jallabiya, ya rungume kulki kamar jariri.

Ta kama hannuna ta ce in koma baya. Ta buɗe hoton da yatsu, ta ƙura ido. Sannan ta tambaye ni a ina muka samu. Na ce na kakanmu ne, don bakina ya saba. Ta ce mutanen mahaifiyarta, waɗanda ake kira Anishinabe, su ke sassaƙa irin wannan, can a ƙasar manyan tafkuna tsakanin Kanada da Amurka, tun kafin Turawa su je. Ta ce ko za ta iya zuwa ta gani da idonta?

Na ce Baba ba ya jin daɗi, ta ce ba za ta daɗe ba. Na ce gidanmu da nisa, ta ce tana da mota. Ni kuma da shegen bakina, da na koma gida na ba Umma labari a kicin, na manta gidan nan ba kamar na Karantina ba ne, in ka yi tari a kicin ana amsa maka a falo. Sai muryar Baba: "Wace Baturiya ce ke son ganin kulkin?"

Ai sai ya tashi zaune. Ya sa aka kai jallabiya wajen guga. Ya sa aka sayo dabino mai kyau da turaren wuta. Ya buga wa Kawu waya da kansa ya ce, "Ka zo ran Asabar ka ga abin da ka yi shekaru kana musu. Daga Kanada aka taso saboda shi." Na yi niyyar in ce masa daga makarantar da ke bayan asibiti aka taso, amma rabon da in ga haske a fuskarsa tun kafin jan fentin nan. Sai na fasa, na ƙudura a raina cewa ni zan yi tafinta, duk abin da ta faɗa da Turanci in lanƙwasa shi kafin ya isa kunnen Baba.

Ranar Asabar da hantsi ta zo, da abaya da ɗan mayafi, ta cire takalmi, ta gaida Baba da Kawu. Na ce mata ta yi Turancinta, ni zan fassara. Baiwar Allah ta dafa ƙirji ta ce a'a, don girmama dattawa da Larabci za ta yi. Innalillahi. A falon nan ba wanda ba ya jin Larabci, har Umma da ke bayan labule.

Baba ya sauko da kulki ya fara. Ya taso Kaka daga gida, ya ratsa da shi daji, ya kai shi Sudan, 'yan fashi suka fito. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse shi ba. Sannan ta miƙa hannu biyu ta karɓa. Ta shafa dunƙulen ta ce daga gindin itace ake fitar da shi, wajen da saiwa ta murɗe ta yi tauri, shi ya sa ba ya tsagewa. Ta ce dabbar nan ta ruwa ce, tana da daraja a wajensu. Ta ce mayaƙa ke riƙe shi a da, kuma ba yaƙi kaɗai ba, har a taro da rawa, don a san waye mutum. Maƙwabtansu da ake kira Sioux su ma suna da nasu, wasu ma da siffar gindin bindiga suke sassaƙa su. Ta ce da yawa an kwashe sun tafi gidajen tarihi da falon masu kuɗi, har ta kai yara a can sai a hoto suke gani. Ta ce ita ba masaniya ba ce, ba za ta rantse tsoho ne ko sabon sassaƙa ba, sai dattawansu sun gani. Amma hannun, ta ce, hannun mutanenta ne.

Ta kai shi hancinta ta ɗan yamutsa fuska. Wannan warin ne kawai ta ce ba ta gane ba.

Na kalli Baba. Na kalli Kawu, na ce a raina yau ranarsa ce, shekarun da ya yi yana jira ga su a faranti. Na riga na shirya abin da zan gaya masa in ya yi dariya, kuma wallahi da ba zai ji daɗinsa ba, kawu ko ba kawu ba.

Kawu ya ajiye kofin shayi da ƙarfi har ya zube. Ya ce da Hausa, yana nuna ta da yatsa, "Ƙarya take! Bon, a gaya mata ƙarya take. Kulkin mahaifinsa ne, ni shaida ne. A garinmu ma akwai irinsa, na gani da idona. Zaki ne wannan, kowa ya kalla ya san zaki ne." Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kiran abin nan gafiya.

Baba ya juya wajen labule ya ce, "Hajiya."

Umma ta ce, "Na'am, Alhaji."

"Gidan da kika yi wanki. 'Yan ina ne?"

"'Yan Amurka ne, Alhaji."

Ba ta ƙara ba, shi ma bai nemi ƙari ba. Malamar ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskoki. Ta ajiye kulkin a hankali a gaban Baba ta fara ba da haƙuri, ta ce ita ba karɓa ta zo yi ba, hoto kawai take so ta tura wa mahaifiyarta.

Baba ya ce mata da Larabci, "Mutanen naki, suna nan a ƙasarsu?"

Ta ce suna nan, amma ba a duk inda suke a da ba. An tashe su daga wurare da yawa, an yanka musu 'yan yankuna an ce su tsaya a ciki. Ta ce an kwashe yara an kai su makarantun da ake hana su yarensu, kakarta tana ciki, shi ya sa ita kanta 'yan kalmomi kawai ta iya. Baba ya kalli ƙofar ɗaki, inda takalman jikokinsa suke a zube, jikokin da in ya yi musu Hausa suke amsa masa da Larabci.

Ya ce, "Amma kin san sunan garin?"

Ta faɗi sunan tafkin, ta faɗi sunan kogin da ke zuba a cikinsa. Ta ce kakarta a gefensa take kwance, da kakar kakarta. In ta je hutu takan kai musu ziyara.

Baba ya ce, "Ma sha Allah." Ya tura mata farantin dabino. Ta ɗauki hotonta, ta yi godiya ta tafi. Kawu ya tashi ba sallama, ya manta hularsa a kan kujera.

Kwanaki Baba bai mai da kulkin bango ba, bai kuma yi maganarsa ba. Yana jingine a gefen kujerarsa. Tuwo yana komawa kicin kamar yadda ya fito. Na ji haushin matar nan, na ji haushin wayata, na ji haushin Turawan da suka rasa inda za su zubar da kayan mutane sai ƙofar da uwata ke wanki. Na gaya wa Umma zan je in ce wa malamar ta zo ta ce kuskure ta yi. Umma ta ce in na kuskura sai ta saɓa mini.

Wata safiya bayan karin kumallo ya kira ni. Ya fito da tsohon haraminsa, wanda ya yi hajjinsa na fari da shi, ya shimfiɗa a ƙasa. Ya ce wa Umma ta wanke kulkin da sabulu. Umma ta ce, "Alhaji, ko a teku aka jiƙa shi warin nan ba zai fita ba, ya shiga ƙashi." Ya ɗago ya kalle ta, ta kalle shi. Ya ce, "Daddawa ce ko?" Ta ce, "Da tafarnuwa. Da yajin jegon duk yaran da aka haifa a lungun nan." Baba ya yi wata irin dariya da ban taɓa ji ba, har da tari, har hawaye. Ya ce, "Ashe ya yi aiki."

Ya naɗe shi da haramin, ya ɗaure da igiya, ya ce in kai wa malamar. Na ce, "Baba, ba ta ce a ba ta ba fa." Ya ce, "Na sani. Ke ba ki ga irinmu ba ne? Ya shigo ƙasar mutane ba iƙama, ya yi dako, ya yi daka, ya yi alƙalanci, ba wanda ya tambaye shi daga ina. Yanzu danginsa sun zo. Yalla, ɗauki."

Na kai. Matar ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ni kuma na tsaya a kanta ƙiƙam, don ban gama hucewa ba. Kafin ta tafi hutu sai da ta yi ta zirga-zirgar neman izinin fita da shi, aka duba, aka buga hatimi. Da na gaya wa Baba sai ya ce wa Kawu, wanda ya dawo neman hularsa ya kuma ci gaba da zuwa, "Ka ji, itace ya sami khuruj niha'i, fita ba dawowa, da hatimi da komai. Ni da na shekara saba'in ina bin layi ban ga takarda ta fito da sauri haka ba." Kawu ya ce, "Bon, ai shi yana da wasɗa." Wato yana da mai tsaya masa. Ranar sun sha shayi har magariba. Takobin Kawu kuwa ban ƙara jin an ambace shi ba.

Bayan wani lokaci saƙo ya shigo wayata daga malamar, da hoto. Wata tsohuwa ce mai furfura a kitse, zaune a bakin ruwa, da kulkin a cinyarta a kan haramin Baba. Malamar ta ce dattawansu sun juya shi sun duba, sun ce nasu ne, har wani ya ce ya san yankin da ake yi wa dabbar irin wannan wutsiya. Tambaya ɗaya suka aiko da ita: wane irin magani mutanen Makka suka tsuma shi da shi, don warin ya cika musu ɗaki.

Umma ta yi dariya har ta riƙe bango. Baba ya karɓi wayar ya nesanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Sun gane shi?"

Na ce, "Sun gane shi, Baba."

"Ba su ce ya kawo shaida ba?"

"Kallonsa kawai suka yi."

Ya miƙo mini wayar. Ya kalli ƙusar da ke bango, wadda har yau ya hana a cire. Ya ce, "To, shi ya isa gida." Ya gyara zama, ya jawo kofin shayinsa, sannan ya ce, ba da ni ba, ba da Umma ba, "Ni in aka naɗe ni a harami aka ce a mai da ni, ban san sunan garin da zan ce wa direba ba."

Umma ta daina dariya. Ta shiga kicin, na ji ta jawo ƙaramin turmi tana daka citta da gindin kwalba.